Milimita ɗaya da rabi ta tona asirin jikan maharbi

Kakana maharbi ne, kuma duk wanda ya zauna da ni minti goma a nan Hustan ta Amurka ya sha wannan labarin. Da harba-ka-ruga ya yi zamaninsa: a ɗura albarushi ta baki, a cusa tsumma, a daka, a ce bismillah. Shi ya sa da na shiga ƙungiyar masu gasar harbi da ƙaramar bindiga a bayan gari, irin wadda ake yi bisa dokokin USPSA, ƙungiyar da ke tsara wannan gasa a Amurka, ana gudu ana harbin kwali agogo na ƙirgawa, na ɗauka abin gado ne, tuni kawai zan yi.

A 2021 harsashi ya yi wuya a Amurka. Ka shiga shago ka tarar da kanta wayam, ɗan abin da ya rage kuma kuɗinsa ya tashi. Yawancin 'yan ƙungiyarmu da hannunsu suke ɗura nasu, don haka ni ma na sayi injin ɗuri na hannu na kafa a gareji. Uwargida ta leƙo ta dube shi sama da ƙasa.

"Abban Ummi, wannan kuma injin markaɗe ne ko na taliya?"

Na ce mata aikin maza ne. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ba ta nufin komai sai akasin haka.

Aikin a ido ba wuya. Ka tsince kwanson da aka harba, ka wanke, ka mayar da shi daidai, ka sa sabuwar ƙwayar da ke tayar da wuta, ka auna albarushi yadda littafin ɗuri ya ce, sannan ka danna kan harsashi a bakin kwanso. A wannan dannawar ta ƙarshe ne ake yanke tsawon harsashi gaba ɗayansa, kuma a nan na nuna ƙwarewata. Na ji masu doguwar bindiga suna cewa idan kan harsashi ya matso kusa da tsagar nan mai murɗawa ta cikin bututu, ya fi tafiya saiti. Na duba na ga SAAMI, masu tsara ma'aunin harsasai a Amurka, sun sa iyakar tsawon harsashin 9mm, irin wanda bindigata ke ci, a inci 1.169. Na ce to, tunda an ba mu fili har can, me zai sa in tsaya a bakin ƙofa? Na saita injina a 1.160. Guda 500 na ɗura, masu kai mai faffaɗan hanci, nauyin giren 124, wato wajen giram takwas. Kowane na auna shi da kalifa, wato ma'aunin nan mai baki biyu, ba magajin shehi ba. Na jera su a akwati suna ƙyalli kamar kayan lefe.

Abu ɗaya ne ban yi ba. Ban tambayi bindigar ko tana so ba.

Ranar Asabar aka kira sunana. Alƙalin fili ya ba ni izinin shiri, na zura gidan harsashi, na saki murfin sama. Bai rufe duka ba, ya rage ɗan kaɗan. Mai hankali a nan yake tsayawa. Ni kuwa na ba shi mari da tafin hannu ya shige, na gyara tsayuwa irin ta jikan maharbi. Agogo ya yi ƙara, na zaro, tau! Na ce yauwa. Na sake jan kunama, shiru. Na duba, murfin ya sake tsayawa a hanya. Na ja shi baya, ya ƙi. Na tura gaba, ya ƙi. Ga agogo na ta ci, kuma a wannan gasar makin da ka samu ake rabawa da daƙiƙoƙin da ka ɓata, wato ina tsaye ina tsiyacewa. Abin da kawai na riƙe shi ne hancin bindiga ya ci gaba da kallon tudun ƙasa, domin in ka juya shi ya wuce iyakar da aka sa ya nufo wajen mutane, sallamarka za a yi ka tafi gida. Na yi ta kokawa da ƙarfe ina gumi, mutum wajen goma sha biyar a bayana sun yi tsit. Wannan tsit ɗin ya fi dariya ciwo.

Alƙali ya ce in dakata. Ya yafito wani dattijo mai farin gemu, tsohon mai walda, wanda na taɓa cika wa kunne da labarin kakana har sau biyu. Ya kama murfin da hannu ɗaya, ya doki mariƙin da ɗayan. Kwanso ya yi tsalle ya fito shi kaɗai, kan harsashin ya zauna abinsa a cikin bututu, albarushi ya watse cikin bindiga da kan takalmina kamar an zubar da yajin tsire.

"Ɗana, wa ya ɗura maka waɗannan?"

Na so in ce wani ne. Amma akwatin na nan a buɗe, da rubutun hannuna a jiki, har da kwanan wata.

A teburin da aka keɓe don taɓa bindiga ya fitar da kan da ya maƙale da 'yar sandar tagulla. Harsashi ba ya zuwa wannan teburin, don haka sai da aka tashi, a bayan motarsa, ya yi mini karatun. Ya riƙe bututun shi kaɗai a tsaye, ya saki harsashin kanti a ciki. Ya faɗa da wata 'yar ƙara, ƙwal. Ya murza shi da yatsa ya juya, ya kifa bututun ya faɗo da kansa. Ya ɗauki nawa ya saka. Ba ƙwal, ba juyi, gindinsa a waje kamar ɗan akuya ya sa kai a tulu. Ya zare ya nuna mini kafaɗar kan, ga sawun tsagar nan ya ciza.

Ya ce tsakanin ɗakin harsashi da inda tsagar ta fara akwai ɗan fili da suke kira maƙogwaro, kuma kowace bindiga da nata. Irin tawa, ƙirar ƙasar Cek, an san su da gajeren maƙogwaro. Lambar 1.169 iyaka ce, ba umarni ba. Kai mai siririn hanci zai iya yin tsawo ya shige lafiya, mai faffaɗar kafaɗa irin nawa kuwa tun da wuri yake cin karo. Ya ce akwai masu ɗura .40, wani harsashi da ya fi 9mm kauri, da tsawo da gangan, amma su bindigoginsu da gidan harsashinsu an yi su ne don hakan.

Na ce ai da sauƙi, in na koma gida sai in bi su duka in danna su ciki sosai. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ɗana, kana da yatsu nawa?"

Na ce goma. Ya ce in ina son su ci gaba da zama goma, kada in yi. Kwanson 9mm ɗan ƙarami ne, milimita 19 kacal. Duk abin da ka tura kai ciki, ka rage wa albarushi wurin numfashi, matsi ya hau, kuma ba a hankali yake hawa ba. In ka canza tsawo, komawa littafi za ka yi, ka fara daga awo na ƙasa kana gwadawa. Gajarta fiye da kima ma tana da nata rikicin wajen hawowa daga gidan harsashi.

Haka na dawo da 498. Ana warware su ne da wata guduma ta roba: ka sa harsashi a ciki, ka yi ta bugawa a kan katako har kan ya fita. Ɗaya bayan ɗaya. Dare na uku uwargida ta buɗe ƙofar gareji da kofin shayi.

"Sannu da daka, Abban Ummi. In ka gama akwai doya, sakwara nake sha'awa."

Ban tanka ba. Ta ajiye shayin ta ƙara da cewa ashe da gaske ne gado, tunda Kaka ma dakawa yake yi.

Da na bi hanyar dattijo, bututun ya fara cewa ƙwal a wajen 1.110. Na ɗan rage don samun sarari, na tsaya a 1.100. Tsakaninsa da abin da na fara yi, milimita ɗaya da rabi ne. Ko kaurin ƙwayar shinkafa bai kai ba.

Sai dai zancen saiti bai bar raina ba, don shi ya kai ni ya baro. Na ɗura tsawo uku daban-daban, goma-goma, na je na ɗora hannu a kan buhun yashi na harba daga yadi 25. Na zo da ruler ina auna ramuka kamar tela. In akwai bambanci, bai kai wanda kofin kofi ɗaya ke sa wa hannuna ba. Dattijo ya leƙa takardun ya ce masu harbin nesa su ne ke cin ribar wannan lissafin, amma a wasanmu tsakiyar kwalin ma ta fi tafin hannu girma, harsashin da ya tashi kowane lokaci shi ne mai saiti. Sannan ya karɓi bindigata da harsasaina, ya zuba biyar a wurin da murfin kwalba zai rufe. Ya miƙo mini ya ce bindigar lafiyarta ƙalau. Bai faɗi wanda ba shi da lafiya ba.

Gasar da ta biyo baya, ko sau ɗaya bindigar ba ta tsaya ba. Harsashi 140 suka fita sumul. Biyu daga ciki na zuba su a farin kwali, wanda aka ce kada a harba, kowane ya ci mini maki 10. Na zo na biyun ƙarshe, kuma na ƙarshen motarsa ce ta lalace, rabin gasa ya samu.

Da na shigo gida uwargida ta tambayi na nawa na zo. Na ce bindigar ta yi aiki sosai. Ta ce ba bindigar ta tambaya ba.