Jiƙo ba ya fitar da ciwon gaɓoɓi

Daga Argungu har Yauri, manomin shinkafa da gwiwa ta dame shi zai ce maka sanyin fadama ne ya shige shi, kuma jiƙo ko tsimi zai fitar da shi ta fitsari. Ba haka abin yake ba. Sanyi na iya tsananta ciwon, amma mafi yawanci guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne ya zaizaye saboda shekaru, ƙiba ko tsohon targaɗe, kuma babu saiwar da ke maido da shi.

Citta da kurkum suna ɗan rage raɗaɗi ga wasu, iyakarsu ke nan. Rage ƙiba ya fi su aiki: duk kilo 1 da mutum ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Tafiya a hankali ma magani ce, yawan kwanciya sai ya ƙara sandarar da gaɓa.

Idan kuwa babban ɗan yatsan ƙafa ne ya kumbura cikin dare, ya yi ja, ko zane ba ya son ya taɓa shi, wannan wani nau'i ne daban. Sai a rage kayan ciki da lemon kwalba, a je asibiti a auna jini.