Ɓargon haƙori da laka: ina aka tsaya?

Labarin da ake yaɗawa cewa ƙwayoyin halitta na asali (waɗanda ke iya rikiɗa su zama wasu irin ƙwayoyin jiki) da ke cikin haƙori za su gyara lakar ƙashin baya da ta tsinke ya yi gaggawa. Tushen maganar gaskiya ne: tun 2000 aka ware su daga ɓargon haƙori a Amurka, a 2003 kuma daga haƙoran famfara, kuma asalinsu ɗaya da wasu jijiyoyi tun jariri yana ciki. Amma sakamakon Jami'ar Nagoya na 2012, inda ƙafafun baya suka sake motsi, a kan ɓeraye ne. Yawancin amfaninsu ma daga sinadaran da suke fitarwa ne, irin su BDNF da GDNF, masu rage kumburi da hana jijiyar da ta ji rauni mutuwa, shi ya sa ake dasa su da wuri, kafin tabo ya toshe wurin. Mai tambaya ko ya adana haƙorin ɗansa, malam, haƙorin da ya faɗi da kansa ya bushe ba shi da amfani, haka mai kogo. Sai likita ya cire lafiyayye, a sa shi a ruwan adanawa mai sanyi, ya isa ɗakin gwaji cikin kwana 2, a ninka ƙwayoyin na makonni, sannan a daskare su a ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili. Iyalan masu jinyar laka a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano na karanta irin wannan labari. Ku masu yaɗa labarin, me ya hana ku faɗa musu cewa har yanzu gwaji ne, kada su bar gashin ƙashi su sayar da gida don allurar ƴan damfara?