Tsagar ƙasa ba iri ɗaya ba ce

Malam mai rahoto, ka ce girgizar Turkiyya ta 2023 daga tsagar ƙasa ta taso, gaskiya ne amma fa tsagar kala-kala ce. Ta Turkiyya gefe da gefe duwatsun suka gogi juna, kamar tirela biyu sun gitta a matsatsiyar hanya. Akwai wadda ƙasar ke buɗewa sai ɓangare ɗaya ya zurma, haka kwarin Binuwai ya samu tun zamanin da, mu nan Garwa a cikinsa muke zaune zafi na gasa mu hhh. Ta Nepal kuwa a 2015 matsi ne, ɓangaren Indiya ke kutsawa ƙarƙashin Asiya dutse na hawa dutse, shi ke ɗaga tsaunukan Himalaya har yau.