Idan Aka Daka Maka Tsawa a Wurin Aiki

Assalamu alaikum, ƙannenmu maza da mata da ke neman halal a Makka da Madina da Jidda da Riyad.

Akwai wani ɗan lokaci da bai kai minti ɗaya ba, amma ya raba matasa da dama da abincinsu. Kana tsaye a shago, mudiri, wato manaja, ya shigo ya nuna ka da yatsa: "Ta'al! Kwashe kwalayen nan, yalla!" Ko sunanka bai kira ba, kuma a gaban masu saye da abokan aiki. Ranka ya ɓaci, zuciya ta ce in ka yi shiru yau, gobe taka ka zai yi. Sai ka mayar masa da "Ni ba bawanka ba ne." Daga nan an bar maganar kwali, an koma neman wanda zai ji kunya. Wannan kokawa kuwa ba a cin ta da mutumin da iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, ke hannunsa.

Duk umarnin gadara abu biyu ne a haɗe: aikin da ake so a yi, da isar da mai umarnin ke nunawa. In ka amsa isar, ka tilasta masa ya ƙara, domin idanu na kansa, ba zai yarda a ce yaronsa ya faɗa masa magana ya tafi ba. Shi ma tsoron zubewar girma yake yi, wani lokaci ma yanzu na sama da shi ya gama wanke shi. In kuwa aikin kawai ka amsa, tsawar ba ta samu abokin tafiya ba.

Ga yadda ake yi. Kafin ka buɗe baki, ja numfashi sau biyu ko uku, ka sauke hannuwanka, ka bar tazarar taku guda tsakaninku. Dube shi a fuska ba tare da ƙura ido ba. Muryarka ta zauna ƙasa da tasa, ka kuma rage sauri. Ce "Hadir" ko "Abshir", wato "to, an gama" da Larabci, sannan ka maimaita masa umarnin da ƙarin bayani: "Kwalayen nan goma, sito na baya zan kai?" Tambayar nan ita ce maganin. Dole ya tsaya ya duba kwalayen, ya ce eh ko a'a, kuma da wuya mutum ya ci gaba da ihu yana lissafi. In wani aiki ne a hannunka, kada ka ce "Ba ka ganin ina aiki?" Ce masa, "Ina lodin mota, wanne zan fara?" Ka bar masa zaɓi, wanda shi ne abin da yake nema, kai kuma ka nuna masa ba zaman banza kake yi ba.

Abin da ya fi hura wutar ma sau da yawa ba kalma ba ce. Tsaki, harara, murguɗa baki, dangwarar da kaya, juya baya yana magana: duk wanda ke wurin ya san ma'anarsu ko ba ya jin yarenka. Haka gunaguni da Hausa. Ku tuna inda kuke. Tun kaka da kakanni Hausawa ke zaune a Makka, wanda ya san Shara Mansur da Hindawiyya ya san ana jin Hausa a ƙasar nan, kuma mai farar jallabiya da ke gefenka yana iya zama jikan Bakano ne. Baki shi ke yanka wuya. Tambayar "Me ya sa?" da "Kullum haka kake yi" su ma a ajiye su, domin a wannan lokacin ƙalubale za su zama a kunnensa.

Kada wani ya ɗauka muna cewa a yi ta haɗiye wulaƙanci. Magana za a yi, amma a lokacinta. Bari aikin ya kammala, fushi ya sauka, ka same shi shi kaɗai, misali bayan an fito daga sallar La'asar. Ka taƙaita, kada ta wuce jimla uku, kuma a kan abu ɗaya: "Ya mudir, na gama kwalayen. Ina roƙon in akwai gyara ka kira ni gefe, ba gaban masu saye ba. Na fi yin aiki da kyau haka." Kada ka tono na watan jiya. Wanda ba zai saurare ka a gaban mutum biyar ba, sau da yawa yakan saurara in ba kowa. Allah Maɗaukaki da ya aiki Annabi Musa da Annabi Haruna, amincin Allah ya tabbata a gare su, wurin Fir'auna, cewa ya yi su faɗa masa magana mai taushi, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha. Saƙon bai ragu ba, lafazin ne aka tausasa. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, kuma ya gaya mana cewa mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi.

Sai umarnin da bai kamata a bi ba, kuma nan ne sanin doka ke amfani. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta sa aiki awa 8 a rana ko 48 a mako, a Ramadan kuma awa 6 ko 36 ga Musulmi. Abin da ya haura haka ƙarin lokaci ne, ana biyansa da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na asalin albashin awa. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa ma'aikaci aiki a cikin rana daga 12 zuwa 3 na yamma. Ba a kuma ɗora maka aikin da ya sha bamban da na kwangilarka sai da amincewarka a rubuce, in ban da lalura ta ɗan lokaci. Idan aka umarce ka da irin wannan, ƙin ma da ladabinsa: ka faɗi abin da ba za ka iya ba, dalili ɗaya, da abin da za ka iya. "Ba zan hau can ba babu igiyar tsaro. A kawo ta, yanzu in hau." In ya matsa, maimaita wannan jimlar da murya iri ɗaya, kada ka ƙaro sababbin hujjoji, domin kowace hujja sabuwar ƙofar gardama ce. In saɓon Allah ne, kamar tauye awo ko sa hannu a kan ƙarya, babu biyayya ga abin halitta a nan.

Ku san abin da fushi ke jawowa. Sashe na 80 na dokar ya ba mai aiki damar sallamarka ba tare da kuɗin ƙarshen aiki ba in ka kai masa hannu, ko shi ko mudirinsa, ko ka ƙi bin halastaccen umarni bayan gargaɗi a rubuce, ko ka ƙaurace wa aiki fiye da kwana 15 a jere babu uzuri. Kuɗin nan rabin albashin wata ne a kowace shekara ta biyar ɗin farko, sannan cikakken wata a kowace shekara bayan haka. Turewa ɗaya da hannu tana iya cinye shi duka. Mai zuciya da ya tattara kayansa ya koma ɗakin aboki, rahoton hurub, wato na cewa ya gudu daga aiki, ke jiransa. Wanda takardunsa ba su cika ba kuwa, duk hayaniyar da ta jawo 'yan sanda tana iya ƙarewa a Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ɗaukar mutum bidiyo a watsa a TikTok ko WhatsApp don a kunyata shi ma laifi ne, dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000.

Hanyar da ke fisshe ka ita ce rubutu. Duk umarnin da kake shakka a kansa, tura saƙo cikin ladabi: "Don tabbatarwa, ka ce in tsaya har 11 na dare yau." Rubuta rana da lokaci da waɗanda ke wurin, ka adana kwangilarka da ke Qiwa (shafin gwamnati na rajistar kwangilar aiki) da shaidar shigar albashi. In abin ya ƙi gyaruwa, kira Ma'aikatar Ƙwadago a 19911 ka shigar da ƙorafi. Ana fara da sulhu na kwanakin aiki 21, in bai yiwu ba a tura kotun ma'aikata. Sashe na 81 ya ba ka damar barin aiki da haƙƙinka cikakke in an dake ka ko an karya manyan sharuɗɗan kwangila, amma sai ka iya tabbatarwa, don haka kada ka fita kafin ka shigar da ƙorafin.

'Yan'uwa mata masu aikatau, naku ya fi wuya, domin inda ake muku tsawar nan kuke kwana, kuma umarni na zuwa daga madam da uwarta da 'ya'yanta a lokaci guda. Kada ki zama mai raba musu gardama. Koma wurin wadda ta ɗauke ki ki ce, "Mama ta ce in yi guga, kin ce in wanke kicin, wanne zan fara?" Ku ƙa'idarku daban ce da ta ma'aikatan kamfani, kwangilarku kuma tana Musaned (shafin gwamnati na masu aikin gida), kuna da ranar hutu a kowane mako. Ki riƙe lambar ofishin da ya kawo ki da ta ofishin jakadancin ƙasarku a Jidda ko Riyad a takarda, ba a waya kaɗai ba, saboda in rikici ya tashi waya ake fara karɓewa. In an kai ga duka ko kulle ƙofa, wannan ya wuce maganar lallashi, kira 'yan sanda a 911 ko 999.