Masu musun kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa

Jama'a, da zarar an tayar da zancen kisan da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu, sai wani ya ce, "Ƙarya ce, an shirya ta ne don a ƙwace Falasɗinu." A ganina yawancin masu faɗin haka ba tarihi suka bincika ba, haushi ne ke magana a bakinsu. Haushin abin da ake yi a Gaza, da haushin Turawan da suka sha sharara wa duniya ƙarya, irin ta makaman Iraƙi a 2003. Haushin nan yana da dalili, amma ba ya goge abin da ke rubuce.

Kuma Jamusawa ne suka rubuta da hannunsu. A Babi Yar, kusa da Kiev, a ƙarshen Satumban 1941, rahoton da suka aika Berlin ya ce an harbe Yahudawa 33,771 cikin kwana biyu. Ba su ce "wajen dubu talatin" ba, har na ƙarshe suka ƙirga, kamar mai lissafin buhunan gero. Himmler, shugaban SS, wato rundunar musamman ta 'yan Nazi, ya tsaya gaban manyan jami'ansa a birnin Poznan na Poland a Oktoban 1943 yana zancen shafe Yahudawa, kuma an naɗi muryarsa, tana nan har yau.

Hujjar da ta fi ruɗa mutane ita ce ta allon tunawa da ke Auschwitz, babban sansanin kisa na 'yan Nazi a Poland. Shekara da shekaru an rubuta a wurin cewa mutum miliyan 4 aka kashe, adadin da Tarayyar Sobiyet ta bayar. Bayan faɗuwar kwaminisanci aka cire allon, lissafi ya dawo kusan miliyan 1.1. Sai masu musu suka ce to, a ɗebe miliyan 3 daga jimillar Yahudawa miliyan 6 da ake cewa an kashe mana! Da jin farko kamar magana ce. Sai dai masana ba su taɓa gina lissafinsu a kan adadin Sobiyet ba. Tun 1961 masanin tarihin kisan Raul Hilberg ya ƙiyasta mutum kusan miliyan ɗaya a Auschwitz, jimilla kuma miliyan 5.1. Da ƙidayar jama'a kafin yaƙi da bayansa aka yi aiki, da takardun jiragen ƙasa, da rahotannin masu harbin.

An ma kai zancen kotu. David Irving, jigon masu musu a Ingila, shi ya kai ƙarar masaniyar tarihi Deborah Lipstadt don ta kira shi mai musun kisan. A 2000 alƙali a Landan ya yanke cewa da gangan yake murguɗa hujjoji, kuma mai wariyar launin fata ne.

Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna. Waɗanda suka ƙago musun nan a Turai da Amurka, akasarinsu masoyan Hitler ne masu son wanke shi, ba don ƙaunar Falasɗinawa ba. Korar Falasɗinawa sama da 700,000 a 1948 gaskiya ce mai zaman kanta, ba ta buƙatar aron ƙaryarsu. Mutumin da suke wankewa kuwa, sojojinsa ne a Yunin 1940 suka ware baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma daga cikin fursunonin Faransa a Chasselay, kusa da Lyon, suka buɗe musu wuta.