"Je ka wanke baki" ba koyarwa ba ce

Zan taɓo wata magana yau da na san ba kowane uba ko uwa za ta yi wa daɗi ba. Yawancinmu ba ma koya wa yara kula da haƙoransu, umarni kawai muke bayarwa. Da safe a ce wa ɗan shekara huɗu "je ka wanke baki", ya tafi shi kaɗai, ya tsotse man da ke kan buroshin saboda yana da ɗan zaƙi, ya goga haƙoran gaba sau biyu, ya dawo. A tambaye shi, "Ka wanke?" Ya ce "Eh." Shi ke nan, an sauke nauyi. Ranar da ya kwana yana kuka da kunci a kumbure, sai laifin ya koma kansa, wai ya cika kwaɗayin zaƙi. To wa yake saya masa zaƙin? Kuma yaushe rabon da wani babba a gidan ya ce masa "buɗe bakinka in gani"?

Matsalar ba ƙarama ba ce. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 514 ne ke da ruɓa a haƙoran nono, kuma mutane kusan biliyan 3.5 ne ke fama da wani nau'i na ciwon baki ko na haƙori. Abin takaicin shi ne ruɓewar haƙori na cikin cututtukan da aka fi sanin hanyar kauce musu.

Abin da ya fi cutar da haƙoran yara, a ganina, ba alewa ba ce. Wata 'yar magana ce da ke bakin manya: "Ai haƙoran nono ne, za su faɗi." Gaskiya ne za su faɗi, amma yaushe? Haƙorin farko yakan fito wajen wata shida da haihuwa, kafin yaro ya kai shekara uku guda 20 ɗin sun cika. Famfara tana farawa wajen shekara shida da haƙoran gaba, amma na can ciki, waɗanda ake tauna da su, sai wajen shekara goma zuwa sha biyu suke faɗuwa. Ke nan idan turmin yaro, wato haƙorin taunar nan na ciki, ya yi kogo yana ɗan shekara huɗu, aka ce a bar shi zai faɗi, an yanke masa hukuncin shekara shida ko fiye yana tauna da gefe ɗaya, yana tashi cikin dare, wani lokaci da mugunya a dasashi. Yaron da haƙori ke damu ba ya cin abinci da kyau, ba ya barci da kyau, a aji ma hankalinsa na kan bakinsa.

Bayan haka, kowane haƙorin nono yana riƙe wa na dindindin wurinsa ne. Na dindindin ɗin yana can ƙarƙashi a cikin muƙamuƙi yana girma. In aka cire na sama tun lokaci bai yi ba, maƙwabtansa sukan matso su cike giɓin, sai magajin ya zo fitowa ya tarar babu wuri, ya ɓullo a karkace ko ta bayan wani. Ciwon da ya kai saiwar haƙorin nono kuma yana iya lalata ɓawon wanda ke ƙarƙashinsa tun bai ga duniya ba.

Akwai wani haƙori da nake so kowace uwa ta san da zamansa, domin shi aka fi yin asara a cikin rashin sani. Wajen shekara shida, turmi na farko na dindindin yana fitowa a can ƙurya, bayan haƙorin nono na ƙarshe: biyu a sama, biyu a ƙasa. Ba ya ture kowa kafin ya fito, babu haƙorin da ke girgiɗi ya faɗi dominsa, don haka babu wanda ke lura. Iyaye suna ganinsa su ɗauka na nono ne. Alhali shi ne haƙorin da ake son yaro ya tauna da shi har tsufa. Ga shi a lungu inda buroshin yaro bai cika kaiwa ba, ga samansa da 'yan ramuka masu riƙe abinci, ga shi sabon fitowa ɓawonsa bai gama ƙwari ba. Sau da yawa sai ya yi kogo ya fara zogi sannan likita ya gaya wa iyaye cewa wannan ba shi da madadi. Duk mai yaro ɗan shekara biyar zuwa bakwai, don Allah yau da dare ya haska fitilar waya ya duba. Ka ƙirga daga tsakiyar haƙoran gaba zuwa baya: guda biyar na farko gurbin na nono ne, na shida in ya fito to na dindindin ne. Ka nuna wa yaron a madubi, ka gaya masa wannan nasa ne har abada. Yara suna son a ce wani abu nasu ne na musamman.

Yanzu mu zo kan koyarwar kanta. Yaro yana iya fahimtar dalili fiye da yadda muke zato, matsalar ita ce mu kanmu ba mu san dalilin ba. Shekaru dubbai mutane a sassan duniya da dama sun yi imani cewa wata tsutsa ce ke cin haƙori. Sai a 1890 wani likitan haƙori ɗan Amurka da ke aiki a Jamus, Willoughby Miller, ya bayyana abin da har yau shi ne ginshiƙin bayanin: akwai ƙwayoyin cuta a baki da ke cin sukari su fitar da asid, asid ɗin shi ke narkar da haƙori. Ƙwayoyin suna zaune ne a cikin wannan farar dauɗa mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, wadda in ka kankare da farce za ka gan ta. Ɓawon haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi, amma asid yana cinsa a hankali, kuma na haƙoran nono ya fi na manya siriri. Da zarar an huda ɓawon, abin da ke ƙarƙashinsa ya fi laushi, ruɓa ta yi ta gudu har ta kai jijiya. A nan ne ake jin zogin da ke hana barci.

Wannan bayanin bai fi ƙarfin ɗan shekara biyar ba. Ka ce masa akwai ƙananan halittu a bakinsa da ido ba ya gani, in ya ci zaƙi su ma sun ci, in sun ƙoshi sai su yi kashi a kan haƙoransa, kashin nan shi ke huda haƙori, buroshi kuma shi ke share su. Zai yi dariya, zai ce ƙazanta, amma ba zai manta ba. Ya fi "je ka wanke baki" sau dubu.

Sai abin da ko manya da yawa ba su sani ba: yawan lokutan da ake cin zaƙi ya fi yawan zaƙin illa ga haƙori. Tun a shekarun 1940 wani mai bincike, Robert Stephan, ya auna ya ga cewa cikin 'yan mintoci da shigar sukari baki asid yake tashi, kuma yawu yana buƙatar kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ya wanke shi ya fara mayar wa haƙori abin da ya rasa. Saboda haka yaron da ya cinye alewa biyar a zama ɗaya bayan abinci, hari ɗaya haƙoransa suka sha. Wanda aka raba wa biyar ɗin, ɗaya yanzu, ɗaya anjima, har yamma, bakinsa ya wuni cikin asid. Uwar da ke tsakura wa yaro kaɗan-kaɗan tana ganin tana taka-tsantsan ne, nan kuwa ta fi cutar da haƙoran. Haka wanda ke yawo da kwalbar lemo yana kurɓa tun safe.

An tabbatar da wannan ta wata mummunar hanya. A asibitin Vipeholm da ke ƙasar Suwidin, a wani bincike da aka fara a 1945, an riƙa ba masu lalurar ƙwaƙwalwa alewa mai danƙo tsakanin abinci, wasu har guda 24 a rana, don a ga yadda haƙoransu za su ruɓe. Suka kuwa ruɓe. Waɗanda aka ba sukari tare da abinci kawai ba su yi lalacewar waɗanda aka ba tsakanin abinci ba. Zalunci ne tsantsa, a yau babu kwamitin da zai amince da irinsa. Daga sakamakonsa ne aka fara shawartar iyaye a ƙasar su ware wa yara rana ɗaya a mako ta shan alewa, wato Asabar, kuma har yanzu ana yi. Ni ban ce kowa ya kwafa ba. Abin da na ɗauka shi ne hana yaro zaƙi gaba ɗaya yaƙi ne da ba a cin nasararsa, amma sanya masa lokaci abu ne mai yiwuwa, kuma yaro yana gane doka in ta zo da dalili.

Na jarirai kuwa, babbar ɓarna ita ce kwantar da yaro da fida a baki, da madara mai sukari ko shayi ko ruwan 'ya'yan itace a ciki. In ana barci yawu yana raguwa sosai, sai zaƙin ya kwana a kan haƙoran gaba na sama. Alamar farko ba baƙi ba ce, wani fari-fari ne kamar alli a gindin haƙori kusa da dasashi. A wannan matakin ana iya tsayar da abin har ya gyaru. In ya zama ruwan ƙasa ya fara gutsurewa, sai dai ciko ko cirewa.

To wa zai yi gugar? Kai ne, ke ce. Hannun ƙaramin yaro bai iya aikin ba ko da yana so. Likitocin haƙori suna cewa babba ya riƙa goge wa yaro, ko ya tsaya a kansa ya ƙarasa masa, har ya kai shekara bakwai ko takwas. A fara tun ranar da haƙorin farko ya ɓullo. Sau biyu a rana, minti biyu, kuma ta dare kafin kwanciya ita ce ba a wasa da ita, ita ce kuma muka fi watsarwa saboda kowa ya gaji. Ki tsaya ta bayansa, ki jingina kansa a jikinki, ki ɗaga leɓensa, ki bi gindin haƙora inda suka haɗu da dasashi. Bar shi ya fara da kansa don ya ji shi ma ya isa, ke ki ƙarasa. Kuma ya riƙa ganin naki buroshin a bakinki. Uban da bai taɓa goge baki da dare a gaban 'ya'yansa ba, da wane baki zai yi musu wa'azi?

Man goge bakin ya zama mai sinadarin fuloraid, a duba jikin kwalin a ga an rubuta aƙalla 1000 ppm, wato awon yawan sinadarin a ciki. Wannan sinadarin yana ƙara wa ɓawon haƙori juriyar asid. An gano amfaninsa ne bayan an lura a wasu garuruwan Amurka cewa mutanen da ruwansu ke da shi da yawa haƙoransu suna yin tabo amma ba su cika ruɓewa ba, har a 1945 birnin Grand Rapids ya zama na farko da ya fara zuba shi a ruwan famfo daidai gwargwado. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fuloraid cikin jerin magunguna masu muhimmanci. Amma a kula da awo: ɗan ƙasa da shekara uku kwatankwacin ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kwatankwacin ƙwayar wake ƙarama. Wancan cika buroshi da ake yi a talla don a sayar da kaya ne. In an gama a tofar, kada a kurkure da ruwa, domin kurkurewa tana wanke maganin da aka shafa yanzun nan. Na san wannan yana yi wa mutane banbaraƙwai, amma haka likitoci ke cewa.

Wani hali da nake roƙon mu daina shi ne razana yaro da likita. "In ba ka wanke ba zan kai ka a cire maka haƙori da filaya." Yau ka samu ya yi biyayya, gobe in ciwo ya kama shi zai ɓoye maka har sai kunci ya tona, in ya girma kuma ba zai taka wajen likitan haƙori ba sai ya rasa yadda zai yi. Shawarar da ƙungiyoyin likitocin haƙoran yara ke bayarwa ita ce a kai yaro duba na farko kafin ya cika shekara ɗaya, lokacin babu abin da ke damunsa, ya zauna a cinyar uwarsa a leƙa bakinsa a sallame shi. Na san ba ko'ina ake samun likitan haƙori a kusa ba. Wannan ma dalili ne na ƙara riƙe abin da ke hannunmu.

Makarantu ma suna da rawar takawa. A Sikotland akwai shirin Childsmile da aka fara a 2006, inda yaran nazire ke goge baki tare kullum a ƙarƙashin kulawar malamai, kuma ruɓewar haƙoran yara ta ragu ƙwarai a can. Babu wata na'ura mai tsada a ciki, buroshi ne da man goge baki da babba mai sa ido.

Akwai kuma darasin da ya kamata duk yaron da ya fara famfara ya haddace, saboda wasa da faɗuwa ba sa ƙarewa. In haƙorin dindindin ya fita gaba ɗaya sakamakon buguwa, ana iya mayar da shi ya kama, amma da gaggawa. A ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta, kada a naɗe shi a takarda ya bushe. In ya yi datti a ɗan ɗauraye, a mayar da shi gurbinsa in zai yiwu yaron ya cije tsumma mai tsabta a kai, in ba zai yiwu ba a saka shi cikin madara a nufi likita, a yi ƙoƙari kada a wuce awa ɗaya. Haƙorin nono kuwa ba a mayar da shi, don kada a ji wa na ƙarƙashinsa rauni, amma duk da haka a kai yaron a duba shi.