Shafin da ya ce "sai da Chrome" ba a gama gina shi ba

Ranar wata Talata ɗiyar ƙanwata ta same ni gida a unguwar Bukoki ta Yamai, waya a hannu, rai a ɓace. Kwana biyu tana fama da shafin wata makaranta don ta aika dosiyenta. Ta cika suna, ta cika garin haihuwa, amma madannin aikawa ya ƙi motsi. "Kawu, rezo ne ko wayata ce?" Ba ko ɗaya. Muka hau kabu-kabu zuwa wani siber a Wadata, yaron wurin ya leƙa ya ce: "Baba, ai wannan shafin sai da Chrome a kwamfuta." Dala ɗari muka biya, cikin minti biyar aiki ya wuce.

Wannan kalma ta "sai da" ita ce ke damuna. Shafin intanet rubutu ne da ake aiko wa wayarka, burauza ce ke karanta shi ta zana maka. Kowace kuma da injinta: Chrome, Edge da Opera suna kan Blink, Safari na kan WebKit, Firefox na kan Gecko. Tamkar teloli uku ne aka ba yadi ɗaya da awo ɗaya. In awon ya fito sarai, riguna za su yi kama. In mai shafi ya bar wani wuri a dunƙule, kowane tela ya cike da nasa tunani.

Awon nan yana nan a rubuce, kyauta. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo a 1989, ya kafa ƙungiyar W3C a 1994 saboda kada kowane kamfani ya ja nasa layi. A 2004 mutanen Apple, Mozilla da Opera suka kafa tasu ƙungiyar, WHATWG, aka daɗe ana jan zare biyu, sai a 2019 aka daidaita kan ƙa'ida guda ta HTML, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi. Tun 2022 masu manyan burauzoji ke zama kowace shekara a shirin Interop su toshe wuraren da suka saɓa. Amma saɓani bai ƙare ba. Gurbin rubuta kwanan wata kaɗai ya isa misali: wayar da aka saita da Ingilishin Amurka tana sa wata kafin rana, ta Faransanci tana sa rana kafin wata. Wanda aka haifa 3 ga Nuwamba yana iya wayar gari takarda ta ce 11 ga Maris, kuma kowa ya san wahalar gyara takarda a ƙasar nan.

Masu gina shafukanmu za su ce kuɗin aikin bai kai a gwada ko'ina ba, kuma yawancin mutane Chrome suke riƙe da ita. Na yarda kuɗin kaɗan ne. Sai dai an taɓa faɗin haka game da Internet Explorer 6, burauzar kamfanin Microsoft da ta fito a 2001. Bankuna da ma'aikatu a duniya suka gina komai a kanta, har zamani ya wuce su, suka koma biyan kuɗi sau biyu. A watan Yunin 2022 Microsoft da kansa ya sallami Internet Explorer. Ban da haka, Chrome ɗin ma ba ɗaya ba ce: wadda ke cikin iPhone a nan Yamai injin Safari take amfani da shi. Mai Opera Mini kuwa, da ya zaɓe ta don forfensa ya kai ƙarshen mako, shafin yakan bi ta na'urorin kamfanin a matse shi kafin ya iso, abubuwa da yawa su zube a hanya.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne haruffanmu. Ɓ, ɗ, ƙ da ƴ duk suna da mazauni tun da daɗewa a Unicode, kundin da ke ba kowane harafi lambarsa a na'ura. Amma mai shafi yakan zaɓi salon rubutu mai kyan gani wanda aka zana don Faransanci, babu masu lanƙwasa a ciki. Wata burauza sai ta aro harafin daga wani salo, ka ga ƙ ta rame a tsakiyar kalma kamar baƙuwa. A wata tsohuwar wayar akwati kawai za ka gani. Daga nan marubuci ya gaji ya bar lanƙwasa, ƙasa ta zama kasa, ɗaki ya zama daki. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen ƙasa bai kamata ya riƙa fitowa da ramuka a shafukan ƙasar ba.

Don haka duk ma'aikata ko makarantar da za ta ba da kwangilar shafi, ta rubuta cikin yarjejeniya cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai an buɗe shi a injinan nan uku, a kuma buɗe shi a ƙaramar waya irin ta kasuwar Katako, da rezo mai rauni. A sa wani ya cika fom ɗin daga farko har ƙarshe, ya rubuta "ƴaƴan ƙasa" a ciki, a ga yadda ya fito.